Ciyawar Yuli, Tumakin Janairu: Tarihin Ƙananan Gonakin Tuddan Yorkshire

Yau tarihi zai kai mu arewacin Ingila, wurin wasu ƙananan manoma masu kiwon tumaki a kan tuddai. Za mu ga yadda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna tanadin ciyawar hunturu, da kuma dalilin da ya sa har gobe wasunsu ke aiki da injunan da suka girme su.

A ƙarshen watan Janairu na 1947 dusar ƙanƙara ta fara zuba a Birtaniya, ba ta sassauta ba sai tsakiyar Maris. Ta binne hanyoyin mota da layin dogo, ƙauyuka suka yanke daga gari, har ta kai jiragen soja ne ke jefa wa wasu abinci daga sama. A kan tuddai, ɗabi'ar tumaki ce su fake a jikin katanga idan iska ta taso, to a nan dusar ke tarar da su ta rufe. Makiyaya suka riƙa yawo da karnuka da dogayen sanduna suna caccakar tarin dusa ko za su ji motsin rai a ƙasa. Waɗanda aka tono da rai kuma sai yunwa ta tare su, domin lokacin yankan ciyawa na 1946 ya zo da ruwa babu ƙaƙƙautawa, abin da aka tara kaɗan ne, wani ma ya ruɓe a rumbu. Kafin sanyin ya ɗaga, miliyoyin tumaki sun mutu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk tumakin ƙasar.

Wannan shekara ta nuna abin da kowane makiyayin tudu ya daɗe da sani: ran garkensa a watan Janairu yana rataye ne da abin da ya yanka a watan Yuli. Mu a nan ba baƙin wannan lissafi ba ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake turke rago ya san harawar wake da ta gyaɗa da ake ɗorawa kan rufin ɗaki ko reshen bishiya bayan kaka, ya kuma san yadda kuɗinta ke tashi idan rani ya yi nisa. Ciyawar da aka yanka tana ɗanya aka shanya don ajiya kuwa, ita ce magabata ke kira ingirici. Bambancin kawai, mu rana ce ke ƙone mana makiyaya, su kuwa sanyi ne ke tsayar da tsiron ciyawa na kusan wata shida. Kuma mu rana ba ta yi mana rowa lokacin shanya, su kuwa samun kwana huɗu a jere babu ruwa shi ne babban tashin hankalinsu.

Ƙasa da mutanenta

Yankin da muke magana a kai ana kiran sa Yorkshire Dales, wato kwarurukan Yorkshire, irin su Swaledale da Wensleydale da Wharfedale. Kowane kwari yana da rafi a tsakiya, da 'yar fadama siririya a gefensa, sai gangare, sai tudu mai faɗi wanda ba ya fitar da komai sai ƙaiƙasasshiyar ciyawa. Ruwan saman da tuddan ke samu a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma babu watan da ba a yin sa. Hatsi ba ya yin kirki a irin wannan ƙasa. Dabba ce kaɗai ke iya mayar da ciyawarta abinci.

Waɗanda suka fara mayar da kiwon tumaki babbar sana'a a yankin su ne 'yan zuhudun Kirista. An kafa gidajen ibadarsu na Fountains da Rievaulx a 1132, suka mallaki tuddai masu yawa, suka zuba dubban tumaki, suna sayar da ulu ga 'yan kasuwar Italiya da na Filanda. Ulu ya zama dukiyar Ingila ta wancan zamani, shi ya sa har yau shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan matashin da aka cusa wa ulu yake zama. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu, ya rufe Fountains a 1539, sai filayen suka koma hannun masu kuɗi, su kuma suka rarraba wa ƙananan manoma haya. Daga nan ne tsarin gonar iyali ya kafu: 'yan shanu kaɗan, garken tumaki, fadamar ciyawa, da haƙƙin kiwo a tudun da ke na kowa.

Wanda ya ga hoton Swaledale zai lura da abu biyu. Na farko katangun dutse da aka jera ba tare da siminti ko laka ba, waɗanda tsawonsu a yankin ya haura kilomita 8,000. Na biyu rumbunan dutse, dubbai, kusan kowace fadama da nata, yawancinsu an gina su tsakanin 1750 da 1850. Hikimar gina rumbu a tsakiyar gona ita ce rage ɗauka. Ana zuba ingiricin fadamar a rumbunta, a ɗaure shanu huɗu ko biyar a ɗaya ɓangaren daga Nuwamba zuwa Mayu, manomi ya riƙa takowa safe da yamma yana ba su. Kashin da suka tara kuma a watsa shi a wannan fadamar dai. Ciyawa ba ta yi tafiya ba, taki bai yi tafiya ba, mutum ne kawai ke zirga-zirga. Mai karatu ya riƙe wannan, domin faɗin ƙofofin katangun nan da girman fadamun an auna su ne da doki ɗaya, kuma wannan awo ne zai yanke hukuncin irin injin da zai iya shiga daga baya.

Tumakin tudun, waɗanda ake kira Swaledale, masu ƙaho ne, da baƙar fuska da farin baki. An kafa ƙungiyar masu kiwon su jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Suna da wata ɗabi'a mai ban sha'awa: tudun babu shinge, amma kowane garke ya san yankinsa, uwa ce ke koya wa 'yarta, haka abin ke tafiya kaka da kakanni. Saboda haka idan garken tudu ya ƙare, kuɗi kaɗai ba ya dawo da shi, sai an yi shekaru ana koya wa sababbi iyaka. Ana sakin raguna a Nuwamba, ciki ya yi wata biyar, a haihu a Afrilu daidai lokacin da sabuwar ciyawa ke tsirowa. Ke nan watannin da tunkiya ke ɗauke da ciki su ne watannin da babu abinci a ƙasa. Idan ingirici ya gaza a Fabrairu, manomi ya yi asarar uwa da abin da ke cikinta.

Zamanin lauje

Ɗanyar ciyawa kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne. Kafin a iya ajiye ta sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20. Idan aka tara ta da laima, sai ta ɗauki zafi daga ciki, ta yi fumfuna, wani lokaci ma ta kama da wuta da kanta ta cinye rumbu. Ƙurar fumfunar kuma tana lalata huhun mai ba dabbobi, cutar da wani likita ya fara bayyanawa a 1932 bayan ya duba ma'aikatan gona a Westmorland, maƙwabciyar wannan yanki. Idan kuma aka bar ta a fili ruwa ya yi ta dukan ta, sai ta yi baƙi, amfaninta ya zube. Don haka duk tarihin ingirici tsere ne tsakanin hannun mutum da hadari.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da hannu ake wannan tsere. Laujensu ba irin namu ba ne. Yana da ƙota mai tsawon mutum da ruwa mai tsawon hannu, a tsaye ake aiki da shi, ana lilo da shi daga dama zuwa hagu. Masu yanka kan fito tun da asuba, domin ciyawa ta fi yankuwa da raɓa a jikinta. Suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin wasa lauje a ɗamararsa. Ƙwararre kan yanke kimanin eka ɗaya a yini. Bayansu mata da yara ke bi da manjagarar itace suna baza ciyawar, gobe a juya ta, jibi a sake juyawa. Da an ga hadari ya haɗo sai a ruga a tattara ta ƙananan tsibi don ruwa ya zame ta sama, idan gari ya washe a sake bazawa. Wata shekarar sai a yi wannan sau uku ko huɗu a kan fadama ɗaya. Idan ta bushe, a ɗora ta a kan wani katako mara ƙafafu da doki ke ja, saboda amalanke na iya kifewa a gangare. A rumbu, namiji na cilla ta ta wata taga da sanda mai yatsun ƙarfe, yara na ciki suna tattakewa cikin zafi da ƙura.

Hannun iyali ba ya isa, saboda haka kowace shekara 'yan ci-rani daga yammacin Ailan kan tsallako teku. Suna taruwa a kasuwar garin Hawes, manoma su zo a yi ciniki, a ɗauki mutum aikin wata guda a kan kuɗi ƙayyadadde da ci da kwana. Wasu sukan koma gida ɗaya shekara da shekaru har su zama kamar 'yan uwa. Da hunturu kuma makiyayi ke goya ƙunshin ingirici a baya ya hau tudu da shi cikin dusa ya kai wa garke.

Doki da injin yanka

Injin yanka ya samo asali ne daga injin girbin hatsi. Patrick Bell ya ƙera nasa a Sikotilan a ƙarshen shekarun 1820, Obed Hussey da Cyrus McCormick suka fito da nasu a Amurka a farkon shekarun 1830. A babban baje-kolin Landan na 1851 aka nuna injunan Amurkawan biyu, manoman Ingila suka ga abin da idonsu. Dabarar ita ce wata doguwar sanda mai yatsun ƙarfe, da wuƙa mai haƙora da ke kai da komo a cikinta kamar almakashi da yawa a jere. Juyawar ƙafafun injin ce ke motsa wuƙar, doki kuma ya ja.

Manyan gonakin kudu sun karɓi injin da wuri. Kwarurukan Yorkshire kuwa sai wajen ƙarshen ƙarnin da farkon na 20, kuma ƙaramin da doki ɗaya ke ja suka fi saya. Abin da mutum biyar ko shida ke yankewa a yini, yanzu mutum ɗaya da doki sun gama shi. Sannan aka samu manjagarar doki da injin juya ciyawa. Duk da haka lauje bai mutu ba, domin gefen katanga da gangare mai tsanani sai shi. Dokin ma yana da nasa haraji: shi kansa ingirici yake ci, duk shekara, ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Harry Ferguson da 'yar tokarsa

Taraktocin farko ba su yi wa ƙaramin manomi rana ba. Manya ne, masu nauyi, kuma jan garma suke yi da sarƙa kamar yadda doki ke yi. Idan garma ta ci karo da dutse ko saiwa, sai gaban tarakta ya ɗaga ta kife ta baya a kan direba. Mutane da yawa sun mutu ta haka.

Wanda ya magance wannan shi ne Harry Ferguson, ɗan manomi da aka haifa a 1884 a gundumar Down ta arewacin Ailan. Ya tsani wahalar gona tun yana yaro, ya gudu garejin yayansa a Belfast, har ya ƙera jirgin sama ya tashi da shi a 1909. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba shi aikin duba taraktocin Ailan, a nan ya ga matsalar da idonsa. Dabarar da ya shafe shekaru yana gyarawa ita ce a haɗa garma da tarakta su zama jiki ɗaya, ta hannuwa uku na ƙarfe, biyu a ƙasa ɗaya a sama, tare da famfon mai da ke ɗaga su da sauke su. Da wannan, nauyin garma da turjiyar ƙasa suna komawa kan tayoyin baya, sai ƙaramar tarakta ta riƙe ƙasa kamar babba. Idan garma ta ci karo, hannun sama ya danne gaban tarakta maimakon ya ɗaga. Kusan duk taraktar da ke duniya yau da wannan tsari take aiki.

A 1936 ya fara ƙera ta tare da David Brown a Yorkshire. A 1938 ya ƙulla yarjejeniya da Henry Ford ta hanyar musafaha kawai, babu takarda, aka fito da Ford 9N a 1939. Da jikan Ford ya warware alkawarin bayan yaƙi, Ferguson ya kai ƙara, aka sasanta a 1952 a kan dala miliyan 9.25. Amma kafin nan ya riga ya buɗe nasa a Ingila. A 1946, shekarar nan da ruwa ya lalata ingirici, masana'antar Banner Lane da ke Coventry ta fara fitar da TE20, ƙaramar tarakta mai ruwan toka. Zuwa 1956 an ƙera fiye da 500,000. Ta fara da injin fetur, aka yi mai kananzir, sannan mai dizal a 1951. Nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma sifana ɗaya da ake sayar da ita tare ta isa kwance yawancin notinanta. Irinta Edmund Hillary ya tuƙa har ƙarshen kudancin duniya a Janairun 1958.

Abin da ya fi wa manomin Swaledale muhimmanci shi ne tana wucewa ta ƙofar da aka gina don doki, tana juyawa a fadamar eka biyu, kuma ba ta cin ciyawa. Dokar noman tuddai ta 1946 da dokar aikin gona ta 1947 sun kawo tallafi da tabbacin farashi, manomi ya samu abin saye. Cikin shekara ashirin doki ya ɓace daga yawancin gonaki. A 1953 kamfanin Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, aka samu Massey Ferguson, wanda ya fitar da samfurin 35 sannan 135 a 1964. Jajayen taraktocin da muka tashi muna gani a gonakinmu jikokin 'yar tokar nan ne.

Dami mai kusurwa huɗu

Saura ɗauka. Wani manomi a jihar Pennsylvania ta Amurka mai suna Ed Nolt ya haɗa inji a shekarun 1930 wanda ke tsince ciyawa daga ƙasa, ya matse ta, ya ɗaure da igiya da kansa, ya tofo dami ta baya. Kamfanin New Holland ya fara ƙera shi a 1940. Zuciyar injin ita ce 'yar na'urar ƙulla igiya, wadda asalinta ke komawa ga John Appleby a shekarun 1870. A shekarun 1950 da 1960 injin ya bazu a Birtaniya. Damin yana da nauyin kilo 20 ko sama kaɗan, mutum ɗaya na ɗauka, ana jera shi kamar bulo, kuma manomi na iya ƙirga abin da ya tara ya san ko zai kai shi Afrilu. Daga baya kamfanin PZ na Holan ya kawo injin yanka mai faifai masu juyawa wanda ba ya shaƙewa, da injin baza ciyawa da tattara ta mai suna Haybob.

Zuwa wajen 1970 kayan aikin ƙaramar gona sun cika: tarakta, injin yanka, injin bazawa, injin ɗauri, da tirela. Aikin da ke cin wata guda ko fiye, da 'yan ci-rani da yaran makaranta, ya koma na mako ɗaya ko biyu ga miji da mata da ɗa. 'Yan Ailan suka daina zuwa. Matasa da yawa suka bar kwari, gonaki suka haɗe, rumbunan tsakiyar gona suka fara zubewa tunda yanzu tarakta na iya kai komai gida.

Inda hanya ta rabu

Daga nan ne manyan gonaki suka yi gaba. Maimakon a jira rana, sai a yanka ciyawa, a bar ta kwana ɗaya, a rufe ta ruf babu iska, ta tsimu ta yi tsami kamar yadda nono ke yi, ta ajiyu. Da takin zamani da irin ciyawa mai saurin girma, ana iya yanka sau biyu ko uku a shekara. A farkon shekarun 1970 Gary Vermeer na jihar Iowa ya fito da injin da ke naɗe ƙaton dami mai kama da ganga, a shekarun 1980 kuma aka fara lulluɓe irin wannan dami da leda. Kafin shekarun su ƙare, tsimammiyar ciyawa ta wuce ingirici yawa a Birtaniya. Babu mai musun amfaninta, domin ta raba manomi da fargabar hadari.

To me ya sa wasu suka tsaya a kayan 1960 da 1970? Mu yi ɗan lissafi. A ce manomi na da tumaki 100, kowace na cin kilo ɗaya a rana, na kwana 100. Tan 10 ke nan, wato dami 500, abin da hekta uku zuwa biyar na fadama za su bayar. Tsohon injin ɗauri zai gama wannan a yini ɗaya ko biyu, ya koma rumfa sai baɗi. Injin da ke aiki kwana biyu a shekara ba zai taɓa biyan bashin banki ba, balle ga mai sana'ar da ribarta siririya ce, wanda sau da yawa kuɗin ulun tunkiyarsa ba ya biyan ladan mai aske ta. Ƙaton dami yana kai ɗaruruwan kilo, sai da babbar tarakta mai hannun ɗauka, ita kuma ba ta shiga ƙofar dutse, tana nutsewa a fadama mai laima. Idan an buɗe damin leda dole a cinye shi cikin 'yan kwanaki, ƙaramin garke kuwa ba zai iya ba. Idan ƙasa ta shiga cikinsa ko leda ta huje, yana haifar wa tumaki wata cutar ƙwaƙwalwa da ke sa tunkiya ta yi ta zagaye wuri ɗaya har ta faɗi.

Akwai masu manyan injuna da ke yin aikin haya, amma ranar da gari ya washe kowa ke neman su, kuma mai eka ɗari suke fara zuwa wa kafin mai eka goma. Duk wanda ya taɓa jiran taraktar haya a farkon damina ya san wannan ciwo. Tsohon injin da ke tsakar gidanka, ko yana tari, ya fi sabon da zai zo bayan ruwa ya sauka. Ga shi babu kwamfuta a jikinsa, manomi da sifanarsa sun isa, kuma saboda an ƙera su da yawa har yau ana samun kayan gyaransu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai zumar tana da harbi. Na'urar ƙulli kan ƙi aiki daidai lokacin da hadari ya taso, manomi ya kwanta a ƙarƙashin inji yana kallon dammuna na fitowa a warware. Tsofaffin taraktoci ba su da ƙarfen kare direba, wanda sai a 1970 doka ta wajabta shi a kan sababbi, kuma kifewa a gangare na kashe mutane. Dami 500 kuwa sai an ɗaga kowanne da hannu sau uku ko huɗu kafin ya kai bakin tunkiya. Bayan mutum da gwiwarsa ne ke biyan abin da aljihu bai biya ba.

Abin da jinkiri ya tsare

Tarihi ya zo da wani abin da ba a zata ba. Tsohuwar fadamar ingirici, wadda ake yanka sau ɗaya a Yuli kuma ba ta san taki ba sai kashin shanu, tana ɗauke da ire-iren tsirrai da furanni masu yawa. Jinkirin yanka na ba su damar zubar da iri, tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa kuma su fitar da 'ya'yansu. Akwai ma wani tsiro mai rawayan fure da 'ya'yansa ke kaɗawa a kwanso kamar caki, wanda tsofaffi ke ɗauka alamar lokacin yanka ya yi. Takin zamani da yankan wuri sun share wannan duka. Wani bincike da aka buga a 1987 ya nuna cewa Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan filaye tsakanin shekarun 1930 da 1984. Fadamun tudu na asali da suka rage a Birtaniya kimanin hekta 1,000 ne kacal, kuma da yawansu a hannun waɗanda ake yi wa kallon an bar su a baya suke.

Hannah Hauxwell misali ce. Ta rayu ita kaɗai da 'yan shanunta a gonar Low Birk Hatt da ke Baldersdale, babu lantarki babu famfo, har wani shirin talabijin ya nuna ta ga duniya a 1973. Da ta bar gonar a 1988, aka tarar fadamunta cike da tsirran da suka ɓace a wasu wurare, aka mayar da su wurin da ake karewa da sunanta. Tun 1987 gwamnati ta fara biyan manoman waɗannan kwaruruka don su jinkirta yanka zuwa Yuli su kuma rage taki. Fadamun ƙauyen Muker da ke Swaledale yau mutane na zuwa kallon su daga nesa a watan Yuni, kafin a yanke su a ba tumaki.

Ba a san wannan tsari da kwanciyar hankali ba. Annobar ciwon baki da kofato ta 2001 ta sa an kashe dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya, ciki har da garkunan tudu da aka gada. Bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, tun 2021 ake janye tsohon tallafin da ƙananan gonakin Ingila suka dogara da shi. Yawancin masu riƙe da gonakin sun manyanta, kuma ba kowane ɗa ke son gadon ɗaga dami ba. Amma duk Yuli, a wasu kwarurukan, za ka ji ƙarar tsohon injin ɗauri yana bugawa, mai shi na waiwayen igiya yana kuma duban yamma inda hadari ke fitowa.

Yawancin abin da aka sani game da zamanin lauje ya tsira ne saboda mata biyu, Marie Hartley da Joan Ingilby, sun bi gida-gida suna tambayar tsofaffi, suna rubuta sunayen kayan aiki, suna tattara waɗanda ake zubarwa. Sun buga littafinsu Life and Tradition in the Yorkshire Dales a 1968, kayan da suka tara kuma su ne tushen gidan tarihin da ke Hawes yau. Sun yi aikin ne a daidai lokacin da masu laujen ke da rai. Mu ma masu iya ba da labarin shigowar garmar shanu da taraktar farko garuruwanmu, da yadda ake ɗaurin harawa da cinikinta, suna nan zaune a zaurukanmu.